Fitilun Sadisu da Kwandon Inna

Ranar Alhamis da hantsi Sadisu ya turo babur ɗinsa cikin rumfata, da wani kwali ɗaure a kariya, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Rumfar tawa tana bakin titin da ya miƙe daga Jibiya zuwa kan iyaka, tsakanin mai faci da teburin Baƙo mai shayi. Wayarin babur nake yi, shekara talatin da wani abu. Aikin ba ya son surutu, ni ma ba na so, shi ya sa masu surutu suke jin daɗin bencina.

"Baba Ɗantala, ƙwai sun fashe."

"Na wa?"

"Na Inna."

Sai na ajiye filaya. Idan Sadisu ya ce Inna, surukarsa yake nufi, Hajo, uwar matarsa Barira. Sunanta bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. 'Yarsa ma da aka sa wa sunan, Ummi yake ce mata. Hajo tana wani ƙauye can bayan Daddara tana kiwon zabi, kuma da damina, lokacin da zabi ke zuba, takan tara ƙwanta da na maƙwabta ta jera su a kwando cikin ƙaiƙayi. Damina huɗu ke nan Sadisu yake zuwa da sassafe ya ɗauko kwandon ya kawo wa mai sayen ƙwai a Jibiya. Ba haya ba ce, girma ne. Surukai biyu gare ta, shi da Shafi'u mijin ƙanwar Barira, kuma kowa ya san wanda ake ba kwando shi ne na gaban goshi.

Yadda yake ɗaukar kwandon ma abin kallo ne. Hajo takan fito da shi gindin wata tsamiya da ke ƙasan gangara, inda mutanen ƙauyen ke jiran abin hawa. Sadisu ba ya isa wurin da ƙarar inji, wai rashin kunya ne. Tun daga saman gangarar yake kashe babur ya gangaro shiru, ya durƙusa daga nesa ya gaida ta kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon wani gefe. In ya ɗaure kwando, turawa yake yi har sai ya haye rafi sannan ya tayar.

"Ruwa ya kwana yana zuba," in ji shi. "Da asuba hazon nan na fadama ya taso fari fat, ko tayar gaba ba na gani. Na kunna fitila, hasken ya dawo mani cikin ido. Ramin nan na bakin rafi, ban san na iso shi ba sai da na ji ni a ciki. Da na buɗe kwandon, Baba, mai da albasa kawai suka rage a zuba."

Baƙo, wanda kunnensa ke rumfata ko da hannunsa na kan buta, ya ce, "Ka kawo mani mana, ina da burodi."

Sadisu ko kallonsa bai yi ba.

"Mi ta ce?" na tambaye shi.

"Ni za ta ce ma wani abu? Da Barira ta yi magana a waya. Wai karo ɗaya tsautsayi ne. Wai kuma ta ji an ce Shafi'u ma yana da babur."

Ya kwance kwalin. Fitilu biyu ne masu ruwan ɗorawa, kowace kamar murfin ƙaramar samira, wani direba ya taho masa da su daga Maraɗi. Irin waɗannan don hazo aka yi su. Akwai takarda a ciki, na warware ta. Ni da na koyi haɗa baƙi bayan furfura ta fara fito mani, ba na jefar da takarda ban duba ba. Faransanci ne, ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma zanen ya faɗi abin da na riga na sani.

"Ƙasa-ƙasa ake ɗaura su," na ce. "Nan wajen ƙarfen gwiwa, kusa da juna, kansu a sunkuye. Hazo ba ya kwanciya har ƙasa sosai, hasken sai ya bi ta ƙarƙashinsa ya nuna maka rami."

"Ƙasa? Wa zai gan su a ƙasa?"

Ashe ya riga ya biya wurin mai walda. Ya zaro wani dogon ƙarfe daga gefen babur, tsawonsa ya kai kamu uku, an huda shi baki da baki.

"Nan za a ɗaura shi, ƙarƙashin babbar fitila. Ɗaya can, ɗaya can. Ina son in na taho a san mutum ya taho. Shafi'u ma ya gani."

Na riga na faɗi tawa sau ɗaya, kuma ba na maimaita wa mutum magana a kan abin hawansa. Na ɗauki sifana.

Aikin ya ci mu har azahar. Na ɗaure ƙarfen da noti huɗu, na cire tanki na bi da waya ta jikin ƙashin babur, nesa da inji don kada zafi ya narkar da ita. Na sa fis kusa da batir, makunni kuma a hannun hagu inda babban yatsa zai same shi. Da na zo haɗa wutar na ce masa babbar fitilarsa daga inji take ci, inji na mutuwa take mutuwa. Waɗannan fa?

"Daga batir, Baba. Ai ka san kashewa nake yi a gangara. Nan ne ma na fi son gani."

Na haɗa su daga batir, na naɗe kowane gaɓi da tef, na mayar da tanki. Ya danna makunni, bangon mai faci ya yi rawaya wuri biyu, nesa da juna.

"Sadisu," in ji Baƙo, "wanga babur ne ko bajimin sa? Ta wace ƙofa za ka shiga da shi gida?"

"A kaikaice," in ji Sadisu, ya hau ya tafi yana murmushi.

Washegari Juma'a ya dawo kariya wayam. Ya ce hazo ya sauka kamar na jiya, ya gangaro lafiya, amma bai tarar da kowa a gindin tsamiya ba. Ba Inna, ba kwando, ba ma masu jiran mota. Ya zauna a kan babur ya bar fitilu a kunne don ta hango shi daga nesa, har ya gaji ya turo abinsa.

"Ba ka yi kira ba?"

"In kira in ce mi, Baba? In ɗaga murya in ce wa?"

Gaskiyarsa. Suruki ba ya tsayawa a bakin hanya yana ƙwala wa surukarsa kira.

Da yamma Barira ta aiko masa da saƙon uwarta: ta fito da kwando, ba ta gan shi ba.

Ranar Asabar haka aka sake. Wannan karon ya iso rumfata idanunsa ja, ya tarar da teburin Baƙo cike da 'yan kabu-kabu, ana ta magana ƙasa-ƙasa. Baƙo na zuba shayi daga sama yana ba da labari.

"Sabuwa ce fil. Ba ta da ƙara ko kaɗan, sai dai ka ga idanu biyu sun ɓullo. Kwana biyu ke nan tana tsayawa gindin tsamiyar bayan Daddara."

"Motar sintiri?" in ji wani.

"To ta wa? Abu mai nono ta ce ta ga mutum shida a bayanta."

"A cikin hazon ta ƙirga su?"

"Daga cikin gero ma, tana kwance."

Aka yi dariya, amma ba dariyar raini ba, don kowa a wurin ya taɓa kwanciya cikin gero. Mu mutanen bakin iyaka haka muka tashi. In kana kan hanyar daji ka ga fitilu biyu nesa da juna suna tahowa a hankali ba ƙara, gona kake fara shiga, sannan ka tsaya tunanin ko kana ɗauke da wani abu. Mai jarkar fetur ya shiga, mai rabin buhun shinkafa ya shiga, wanda ba shi da komai sai carbi shi ma ya shiga, don kada a tambaye shi ina sauran suka yi.

Sadisu ya dafe ƙirji. "Gindin tsamiya? Ai can nake jiya da yau! Wallahi ban gan ta ba. Allah ne ya tsare ni."

"Ka yi sadaka," in ji Baƙo.

Na dubi babur ɗin da ke jingine a bakin rumfa, da ƙarfensa mai kamu uku. Na dubi Sadisu. In na buɗe baki a gaban 'yan kabu-kabu goma, kafin la'asar labarin ya kai garin Ɗan Isa cewa Hajo ta kwana biyu tana ɓuya wa surukinta cikin gona. Hajo taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, muna wasa da ita tun muna yara, amma wasan bai kai nan ba.

Da aka watse na ce, "Kawo in sassauto da fitilun nan."

"Haba Baba! Yanzu da motar nan ke yawo? Yanzu ne ma nake son in hango ta tun daga nesa." Ya zauna a benci ya riƙe kai. "Barira ta ce Inna ta ce gobe kasuwar Lahadi, ƙwan kwana uku sun taru. In ba ta gan ni ba, ta riga ta aika ma Shafi'u ya zo ya tsaya kusa."

"Gobe ka biyo ka ɗauke ni," na ce.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. An yi yayyafi, gari ya fara haske amma hazo ya cika kwari kamar an zuba kunu. Fitilun suna aiki, ba laifi, sai dai rabin hasken a iska yake tafiya. Kafin mu kai saman gangara na taɓa kafaɗarsa.

"Sauke ni nan. Ka jira kamar shan kofin shayi, sannan ka gangaro yadda ka saba."

Na taka a ƙasa har gindin tsamiya. Hajo na zaune a kan saiwa da kwando a gabanta, an rufe shi da tsohon zane. Abu mai nono na gefe da ƙwaryarta, ga wani dattijo riƙe da igiyar akuya. Shafi'u kuwa ya jingine babur ɗinsa, an wanke shi tas, har ya kwance robar ɗaure kaya yana wasa da ita a hannu.

"A'a, mijina na wahala," in ji Hajo. "Mi ya fito da kai cikin raɓa? Ko matarka ta gane kuskurenta ta kore ka?"

"Ƙwai na zo ci, an ce kina rabawa kyauta a bakin rafi."

"Bakinka ya sari dutse. Ka ga wanda ka sa ma fitila? An ce har biyu ka sa mashi, amma hanyar ma ta ɓace mashi gaba ɗaya."

Shafi'u ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin murmushin ladabi mai ciwo.

Ban kai ga ba ta amsa ba Abu ta kama hannuna. Can sama, cikin farin hazo, idanu biyu masu ruwan ɗorawa suka ɓullo, nesa da juna, suna saukowa a hankali. Ba ƙara, ko ta sauro.

"Ga su nan!" in ji Shafi'u.

Ban ga tafiyarsa ba, motsin gero kawai na ji. Abu ta bi da ƙwarya a ka. Dattijo ya shiga, akuya ta ƙi, ya ɗauke ta cak. Hajo ta rungumi kwando ta yi ciki da saurin da ban san tana da shi ba.

Ni na ɗaura fitilun nan da hannuna. Na san yawan notin da ke jikinsu, na san launin wayar da ke ba su wuta. Amma ban san lokacin da ƙafafuna suka yanke shawara ba. Sai ganina na yi tsugune cikin kunyar gero ta biyar, raɓa na zuba mani a wuya, gwiwata na gugar kwandon Hajo.

"Sunkuya da kyau," ta raɗa mani. "Hularka fara ce."

Na cire hular. Sai da numfashina ya dawo sannan na tuna abin da ya kawo ni.

"Hajo, ƙwai gare ki. Wa ya hana sayar da ƙwai?"

"Kowa ya gudu ni in tsaya? Kai mi gare ka?"

Sai na ce, "Leƙa ta ƙasa. Ƙirga tayoyin."

Ta ɗaga ganye ɗaya, ta daɗe tana kallo. Hazon yau bai kai na jiya kauri ba, kuma ta ƙasan karan gero ana ganin abin da ba a gani daga tsaye. Taya ɗaya a gaba, ɗaya a baya. A gefensu ga mutum durƙushe, hula a hannu, kansa a ƙasa, yana gaida saiwar tsamiya.

Ta saki ganyen.

"Shekaranjiya ma shi ne?"

"Shi ne."

"Jiya ma?"

"Har da jiya."

Ina jin akuyar dattijo na cin geron mutane can ciki. Na san abin da take aunawa: tsohuwa mai jikoki ta fito daga gona da taɓo a zane, a gaban mijin ɗiyarta, ta ce ta ɗauka mota ce. Na fara neman abin da zan ce in rufa mata, amma Hajo ba ta taɓa buƙatar taimakona wajen magana ba. Ta gyara ɗankwali, ta miƙe tsaye, ta juya wa hanya baya, ta ɗaga murya yadda za ta kai gindin tsamiya.

"Ɗantala! Tambayar mani mijin Barira, a gidan wa aka koya mashi haska fuskar suruka? Kwana uku ina fitowa, yana dallare ni da wuta kamar ana neman kunama. In tsaya ya ƙare mani kallo? Ni ban da kunya ne?"

Fitilun suka mutu nan take.

"Baba," muryar Sadisu ta taho daga gindin tsamiya, "a ce ma Inna ta yi haƙuri. Wallahi ban yi tunani ba. A ce mata ban ga komi ba."

"Ya ce bai ga komi ba," na ce.

"Na ji, ba kurma ce ni ba."

Ta miƙo mani kwandon, na fito da shi a hannu biyu. Abu ta biyo ni tana gyara gammo. Ta dubi babur, ta dubi ƙarfen, ta dubi inda ta ce mutum shida suke zama, sannan ta ce ita ma dai kunya ce ta kama ta, don Sadisu kamar suruki yake a wurinta. Dattijo ya ce shi akuya ce ta ja shi.

Shafi'u ne na ƙarshe. Ya fito daga can ƙarshen gonar, wando jiƙe har cinya, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya ga Sadisu yana shimfiɗa tsumma a kariya, ya ga fitilun, na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya buɗe baki.

"Ɗantala," in ji Hajo, har yanzu bayanta na ga hanya, "tambayi wancan kuma, shi wace surukar ya guje ma har ya bar takalmi? Ko waiwayowa bai yi ba ya ga ko na faɗi. Wanga zan ba ƙwai?"

Shafi'u ya rufe bakinsa, ya tafi neman takalmi.

Sadisu ya ɗaure kwandon da roba uku, ya sake durƙusawa ya yi sallama da bayan Hajo, ya tura babur har ya haye rafi. A bakin ramin nan ya tsaya, ya kewaye shi kamar mai kewaye maciji, sannan muka ji ya tayar. Ni Shafi'u ne ya dawo da ni Jibiya. Har muka iso bai ce mani uffan ba, ni kuma dama haka nake son tafiya.

Da la'asar Sadisu ya turo babur rumfata, bakinsa har kunne. Ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Barira ta ce Inna ta ce jibi ma akwai kwando.

"Baba, a cire ƙarfen nan. A mai da su ƙasa, kusa da juna, kansu a sunkuye. Yadda ko da kuskure ba za su taɓa fuskar Inna ba." Ya girgiza kai. "Ka ga mace mai kunya? Kwana uku cikin raɓa, ba ta ko faɗa ma Barira dalili ba."

Na ɗauki sifana na fara kwance notin farko. Waya ta yi tsawo yanzu, sai na rage ta. Na ɗaure su a ƙarfen gwiwa, na sa shi ya ja baya taku goma daga bangon mai faci, na yi ta sunkuyar da su har hasken ya kwanta a ƙasa inda rami ke zama.

Baƙo ya kawo mana shayi ba mu tambaya ba, alamar yana da labari.

"An ce motar nan yau ma ta zo, amma ba ta daɗe ba. Na tambayi Abu, ta ce ita ba ta son maganar. Shafi'u ma na tambaye shi, ya ce in kula da butata."

"Ni fa abin na ba ni mamaki," in ji Sadisu yana hura shayi. "Kwana uku ina wurin nan, Allah bai taɓa haɗa ni da ita ba. Kai ka gan ta, Baba?"

"Riƙe mani nan," na ce, na miƙa masa bakin tef.